Idan Maƙwabcinka Bayahude Ya Gayyace Ka Bikin Balagar Ɗansa



An nemi in yi ɗan bayani a kan abin da iyaye da dama suka tambaya. 'Ya'yanmu a nan Niyok suna aji ɗaya da 'ya'yan Yahudawa, kuma sukan dawo gida da katin gayyatar Bar Mizba. To, me za a kai?

Bikin na yaron da ya cika shekara 13 ne, lokacin da dokokin addininsu suka hau kansa. Na yarinya ana kiransa Bat Mizba, a shekara 12, wasu kuma 13. Yawanci ranar Asabar yaron yakan yi karatu daga Attaura a gaban jama'a, bayan ya daɗe yana tilawa. Wanda ya san walimar sauka zai gane irin farin cikin iyayen.

Kyautar da aka fi bayarwa kuɗi ne, amma da lissafi. Kalmar "rai" a Ibrananci haruffa biyu ce, ɗaya lambarsa 8, ɗayan 10, jimla 18. Shi ya sa ake ba da dala 18, 36, 54, har 180. Ga ɗan aji, 36 ta wadatar. Kada kowa ya ci bashi don a gan shi.

Sai lokacin miƙawa. Daga faɗuwar rana ta Juma'a zuwa daren Asabar, masu riƙon addini a cikinsu ba sa taɓa kuɗi. Don haka kada a kai ambulan wurin ibadarsu. A aika kafin ranar, ko bayanta, ko a miƙa a liyafar da ake yi in Asabar ta fita.

Iyayena mata, na san hannunku a buɗe yake, amma kilishi da dambun nama su tsaya a gida. Yankanmu na halal bai cika sharuɗɗan kosha ba, kuma ba sa haɗa nama da madara. Mayafin addu'arsu ma a bar wa iyaye da kakanni, su suka saba saya. Littafi, agogo, ko alƙalami mai kyau duk sun dace. Wasu yaran sukan zaɓi aikin taimako su nemi a sa kuɗin can. Sunan sadaka a bakinsu "tsedaka", kun ji kusancin.

Wanda zuciyarsa ba ta kwanta da shiga wurin ibadar ba, ya tambayi malaminsa. Amma ya amsa katin a kan lokaci, ya aika kyautarsa, ya ce musu "Mazal tob", wato barka. Shiru shi ke ɓata maƙwabtaka, kuma yaronka ne zai haɗu da nasu a aji ranar Litinin.

Allah Ya shirya mana zuri'a.