KUƊIN AGAJI BA KYAUTAR ƊAN SIYASA BA NE

(Jawabin da aka gabatar wa ɗaliban azuzuwan yaƙi da jahilci a birnin Sakkwato.)

  

Yau maganarmu a kan kuɗin agajin gaggawa ce, wato kuɗin da gwamnati kan fitar idan masifa ta auka wa jama'a, kamar ambaliya ko gobara ko annoba. Mu a nan ba sai an yi mana dogon bayani ba. Kowa ya tuna watan Satumba na 2010, lokacin da gulbin Rima ya cika ya batse, ruwa ya shafe gidaje da gonaki a ƙasashen Goronyo da Gada da Wurno da Kware da Silame. Hanyar Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta yanke, malamai da ɗalibai suka koma shiga kwale-kwale. Mutum ya kwana da rumbunsa, ya wayi gari ba shi da mudu ɗaya.

Bayan irin wannan masifa, kun san abin da ke biyowa. Motoci su zo da shinkafa da tabarmi da barguna, babban mutum ya sauko, maroƙa su yi ta kirari, mu kuma mu yi ta "Allah ya saka da alheri". Godiya ba laifi ba ce. Amma ku sani, kayan nan ba daga aljihunsa suka fito ba.

Tun 1981 aka kafa wani asusu na musamman don matsalolin muhalli, irin su ambaliya da zaizayar ƙasa da kwararowar hamada. Duk wata, idan an zo rabon kuɗin tarayya a Abuja, ana ware wa wannan asusu kasonsa. Gwamnatin tarayya na da rabo, jihohi na da rabo, ƙananan hukumomi ma na da nasu, ko an yi ambaliya ko ba a yi ba. Hukumar agajin gaggawa ta ƙasa, wato NEMA, wadda aka kafa a 1999, ita ma tana samun kuɗi daga nan. Ban da wannan, akan ƙara wasu kuɗin idan abin ya yi tsanani. A watan Oktoba na 2012, bayan babbar ambaliyar shekarar, Shugaba Goodluck Jonathan ya ba da sanarwar naira biliyan 17.6. Aka kasa jihohi gida huɗu. Waɗanda abin ya fi yi wa ɓarna suka sami miliyan 500 kowace, Jihar Sakkwato kuwa tana kashi na huɗu, masu miliyan 250. Ban tsaya nan don in ce wani ya ci kuɗin ba. Tambaya kawai nake yi: a cikinmu wa ya taɓa neman ganin takardar yadda aka raba su?

Abin da ke faruwa idan ba mai tambaya, ga misalinsa daga Jihar Filato. A 2001 gwamnatin tarayya ta ba gwamnan jihar, Joshua Dariye, cakin naira biliyan 1.162 daga wannan asusu, don gyaran filayen da haƙar ma'adinai ta lalata. Kuɗin suka bi wata hanya, har da asusun wani kamfani nasa. Ba a iya kai shi kotu a ƙasar nan ba sai 2007 da ya sauka, domin gwamna mai ci yana da rigar kariya. Aka yi ta jan shari'a shekara goma sha ɗaya. Ana cikin shari'ar, mutanensa suka zaɓe shi sanata har sau biyu, a 2011 da 2015. Sai a watan Yuni na 2018 wata babbar kotu a Abuja ta ɗaure shi shekara 14, kotun ɗaukaka ƙara ta rage zuwa 10. A 2022 aka yi masa afuwa, ya koma gida. To, ku lissafa: daga ranar da aka ba da caki zuwa ranar hukunci shekara 17. Yaron da aka haifa a lokacin ya isa riƙe garma. Kotu ta yi aikinta, amma ta yi shi bayan an daɗe da shan wahalar.

Haka kuma a watan Oktoba na 2020 jama'a suka fasa rumbunan ajiya a Jos da Legas da wasu garuruwa, suka tarar da kayan abincin tallafin korona jibge, watanni bayan an sha kulle da yunwa. Gwamnoni suka ce ajiya suka yi don gaba. Wani ɗan majalisar Jihar Legas ma cewa ya yi ranar bikin haihuwarsa yake jira ya raba. Ku ji fa!

Me ya sa kuɗin agaji suka fi sauƙin ci? Saboda gaggawa. Ana cewa ba lokacin tantance 'yan kwangila, ba lokacin ƙirga. Waɗanda abin ya shafa kuma suna warwatse a makarantun firamare da gidajen dangi, hankalinsu na kan abin da yara za su ci. Kuma ba manya kaɗai ke ci ba. Ƙaramin ɓeran ya fi kusa da mu. Shi ne mai rubuta sunaye, wanda zai sa ƙanensa da ke zaune kan tudu, ya bar gwauruwar da ɗakinta ya faɗi. Shi ne mai tambayar jam'iyyarka kafin ya tambayi asararka. Shi ne mai miƙo maka takarda ka dangwala yatsa, a rubuce buhu biyu, a hannunka buhu ɗaya. Wanda ya iya karanta 2, ya iya rubuta sunansa, da wuya a yi masa wannan.

Doka kuwa tana bayanku. Akwai Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011. Ta ce kowane ɗan ƙasa na iya neman ofishin gwamnati ya nuna masa takardun kuɗin da ya karɓa da yadda ya kashe, ba sai ya faɗi dalili ba, kuma a ba shi amsa cikin kwana bakwai. Wanda bai iya rubutu ba yana iya wakilta wani. Da can wasu jihohi na cewa dokar ta tarayya ce kawai, amma a watan Afrilu na 2025 Kotun Ƙoli ta ce ta hau kan jihohi ma. Rigar kariya kuma mutum huɗu ta rufe: shugaban ƙasa da mataimakinsa, gwamna da mataimakinsa. Ciyaman ba ya da ita, kansila ba ya da ita, ɗan majalisa ma haka. Shi ɗan majalisa har kiranye ana iya yi masa, idan fiye da rabin masu rajistar mazaɓarsa suka sa hannu, ko da yake abin na da wuyar gaske. Aikinsa ne ya bincika kuɗin nan a madadinku, don haka idan ya zo gida kada ku tsaya ga karɓar na goro, ku tambaye shi.

Ga abin da nake roƙon kowane aji ya yi kafin damina. Ku sayi littafi guda, ku rubuta sunayen magidantan unguwarku ko ƙauyenku, tare da mai unguwa da liman da wakiliyar mata. Idan ruwa ya yi ɓarna, ku rubuta wa ya rasa ɗaki, wa ya rasa gona, wa ya rasa dabba. Ranar rabo ku nemi a karanta sunaye a bainar jama'a, ku ƙirga buhunan da aka sauke daga mota, ku rubuta kwanan wata da sunan wanda ya kawo. Kofi ɗaya ya zauna wurin mai unguwa, ɗaya wurin malamin aji. Idan lissafi bai daidaita ba, ku tafi sakatariyar ƙaramar hukuma a ƙungiyance, cikin ladabi, da littafinku a hannu. Malaman aji za su nuna muku yadda ake ja layukan littafin a darasi mai zuwa.

 Allah ya ba mu damina mai albarka.