Kafin A Ce Kaya Jabu Ne, A Buɗe But A Duba Haɗi

Jawabin da aka gabatar a taron wata-wata na ƙungiya a Agege, a madadin masu sayar da kayan sautin mota.



Mai girma Sarkin Hausawa, Allah ya ja zamaninka. Shugabannin ƙungiya, iyayenmu malamai, 'yan'uwa 'yan kasuwa, ƙannenmu direbobi da samari, muna yi wa kowa barka da zuwa.

An ba mu wannan dama ne saboda ƙarar da ta zo gaban shugabanni a watan jiya. Ba za mu kama suna ba, tunda an riga an sasanta. Wani yaronmu mai jan Corolla ya sayi wufa biyu masu inci 12 da amfilifaya a rumfar ɗaya daga cikinmu. Ya kai wa mai wayarin, wanda mutanen nan Ikko suke kira riwaya, aka haɗa masa. Da ya kunna, bes ɗin nan da yake nema, wato sautin nan mai kauri da ke dukan ƙirji, bai fito ba. Sai wani ɗan gunaguni kamar an lulluɓe ganga da bargo. Yaro ya dawo da zafinsa, ya ce jabu aka sayar masa, har aka kai ga zage-zage a bainar jama'a, maƙwabtanmu Yarbawa suna kallo. Kuɗin da ya tara wata da watanni ne, ba mu ga laifinsa da ya ji zafi ba. Amma da aka je aka buɗe but, gyaran bai ɗauki minti biyar ba. Waya ɗaya aka juya.

To, a kan wannan juya waya za mu fara, don ita ce ta fi jawo mana rigima. Kowace sifika tana da baki biyu, ɗaya mai alamar tarawa, ɗaya mai alamar ɗebewa. Aikin wufa shi ne ta tura iska gaba ta ja baya. In guda biyu ne, dole su tura tare su ja tare. Idan aka juya wayar ɗaya, sai wannan tana turawa waccan tana ja. Kamar mutum biyu ne suke tura mota, ɗaya ta gaba ɗaya ta baya: kowa yana gumi, mota tana nan inda take. Za ka ga wufa tana motsi sosai, amma kunne ba ya jin komai.

Gane wannan ba ya bukatar kuɗi. Cire wayar wufa ɗaya ka saurara. In bes ya ƙaru da guda ɗaya fiye da yadda yake da biyu, ka kama ɓarawo. Ko kuma ka raba sifikar da amfilifaya, ka ɗauki batirin tocila mai bolt 1.5, ka taɓa kansa da bakin tarawa, gindinsa da bakin ɗebewa. In fuskar sifikar ta turo waje, alamar daidai take. A yi wa kowace haka. Akwai kuma wufa mai naɗi biyu, wadda za ka ga baki huɗu a bayanta. Ita wannan ko guda ɗaya ce tak a mota, in aka juya naɗi ɗaya, to ta kashe kanta da kanta, kuma in aka ci gaba da matsa mata wuta, ƙonewa za ta yi. Wasu amfilifaya suna da wani ɗan makunni da aka rubuta 0 da 180 a gefensa. A zauna a kujerar direba, wani ya juya shi, a bar shi a inda sautin ya fi cika.

Abu na biyu, wayar da ake ɗaurewa a jikin mota, wadda riwaya suke kira at. Wutar da ta fito daga batir ta jan waya, ta jikin ƙarfen mota take komawa. Sau nawa muka ɗaga kafet muka tarar an ɗaure ta a kan fenti, ko a kan tsatsa, ko da wata 'yar kusa mai lilo! Ku kuma kun san damina da iskar teku ta garin nan, ƙarfe ba ya daɗewa bai yi tsatsa ba. Ka'ida ita ce wayar ta zama gajera, kada ta wuce inci 18, kaurinta daidai da na jan waya, a goge wurin da sanfefa har farin ƙarfe ya fito, a ɗaure da noti tamau. Mai mita ya auna a bakin amfilifaya, ba a kan batir ba. In inji yana aiki, ya kamata a ga wajen bolt 14. In bes ya buga aka ga ya faɗo 12 ko ƙasa da haka, ko fitilun mota suna lumshewa tare da kiɗa, to wuta ce ba ta isa ba, ba sifika ce ta gaza ba.

A nan dole mu faɗi gaskiya a kan kanmu. Waya iri biyu ce muke ɗaukowa daga Alaba da Ladipo. Akwai ta jan ƙarfe zalla, akwai ta alminiyam da aka shafa wa jan ƙarfe a baya. Ta biyun ta fi araha, kuma ita aka fi saye, amma alminiyam wajen kashi 60 cikin 100 na wutar da jan ƙarfe yake ɗauka kawai yake iya ɗauka. Akwai ma wadda roba ce ta yi kauri, ƙarfen ciki siriri. Kankare ta da wuƙa: in ciki fari ne, alminiyam ce. Sayar da ita ba laifi ba ne, laifin shi ne a ɓoye wa mai saye. Ƙaramin amfilifaya waya mai lamba 8 ta ishe shi, wanda ya kai wat 500 zuwa sama a ba shi mai lamba 4. A tuna, a lambar waya, ƙaramar lamba ita ce mai kauri.

Sannan don Allah, don Allah, fis. Jan wayar nan daga batir take tahowa ta ratsa ƙarƙashin kafet har but. Dole a sa mata fis kusa da batir, cikin inci 18. In babu, ranar da ƙarfe ya yanke robarta, ba bes za a rasa ba, mota ce za ta kama da wuta, watakila da iyali a ciki a tsakiyar cunkoso. Riwayan da ya ce ba ya bukata, a karɓi mota a bar wajensa.

Sauran abubuwan na maɓalli ne, ba za mu daɗe a kansu ba. A jikin amfilifaya akwai inda aka rubuta LPF da HPF. Na wufa shi ne LPF, a saita shi wajen 80. In aka bar shi a HPF, to bes ɗin ne ma aka ce ya tare. A cikin rediyon motar kuma a duba ko an kunna hanyar wufa, don da yawa a kashe suke zuwa. Shi kuma wanda aka rubuta wa GAIN, samari suna ɗauka maɓallin ƙara murya ne, sai su murɗe shi ƙarshe. Ba haka ba ne. A kai muryar rediyo kashi uku cikin huɗu, a riƙa ɗaga shi a hankali, da an ji sauti ya fara ɓaci a dawo baya kaɗan. Wufa da yawa da aka dawo mana da su suna ƙauri, wannan murɗawar ce ta ƙone su.

Sai maganar lambar da ke jikin kwali. Za a rubuta wat 3,000 da manyan haruffa, yaro ya gani ransa ya biya. Lambar gaskiya ita ce wadda aka rubuta RMS a gefenta. Ga wani lissafi da muke yi a rumfa: dubi fis ɗin jikin amfilifaya, ka ninka lambarsa sau 14. In fis ɗin 30 ne, ka samu 420, kuma abin da zai isa sifika bai ma kai haka ba. To ina 3,000 ta fito? Haka kuma wufa mai naɗi biyu, kowane om 4, in aka haɗa su kafaɗa da kafaɗa sai ta zama om 2, in aka jera ɗaya bayan ɗaya sai ta zama om 8. A om 8 ɗan abin da amfilifaya zai ba ta bai taka kara ya karya ba. Amma kada a sauko ƙasa da abin da takardarsa ta yarda, zai yi zafi ya ɗauke.

Akwati shi ne na ƙarshe, kuma wallahi shi aka fi rainawa. Wufa ba akwati ba ta bes, don iskar gabanta da ta bayanta suna haɗuwa su kashe juna. Akwatin da kafinta ya buga da siririn falanki da ƙusa, iska tana fita ta kowane gefe, shi ma kusan haka ne. Katako ya kai kaurin kashi uku cikin huɗu na inci, a bi gaɓoɓin da gam. Yawancin masu inci 12 suna son rufaffen akwati mai cin wajen lita 30 zuwa 35, amma takardar da ta zo da sifikar ita ce alƙali. A ƙaramar mota mai rufaffen but, a gwada juya fuskar akwatin ta kalli baya, a kuma sauke matokarin hannu na kujerar baya in yana da kafa. Sau da yawa wannan kaɗai ya isa. In kuma bes ya samu, a tuna da masallaci da marasa lafiya a unguwa, ba sai mun faɗa ba.

Abin da muka amince a tsakaninmu, kuma muke neman shugabanni su shaida, shi ne duk wufa ko amfilifayan da za mu sayar, za a gwada shi a rumfa a gaban mai saye, a rubuta masa a rasit ko sabo ne ko tokumbo, da irin wayar da aka ba shi. Wanda kuma ya haɗa bai ji daɗi ba, ya zo da motar gaba ɗaya, kada ya kwance kaya ya kawo a buhu, don in an kwance ba mai iya gane inda kuskuren yake. In aka duba haɗi lafiya lau, kaya ne ba kyau, mu ne da biya. Ranar Asabar bayan La'asar mutum biyu daga cikinmu za su zauna a bakin ofishin ƙungiya da mita da batirin tocila, duba kyauta ne.

Allah ya ba mu kasuwa mai albarka, ya tsare mu a kan hanya.