Jawabi ga iyaye da matasan sansani kan aikin gashi da raunin jijiya

 

Ni ma'aikacin gashi ne, aikin da a asibitocin Najeriya ake kira fisiyo. Jijiyar da zan yi magana a kanta ba ta jini ba ce, ita ce wadda take kai saƙo daga ƙwaƙwalwa zuwa hannu da ƙafa. Harsashi ko sara na iya yanke ta, karaya ko ɗaurin ɗori mai tsanani na iya matse ta. Allurar da aka yi wa yaro a ɗuwawu ba a daidai wurin ba tana sa ƙafarsa ta riƙa ja, haihuwa mai wuya kuma kan bar jariri da hannu a sake.

Jijiya tana tsirowa, amma a hankali, kusan milimita 1 a rana, wato kamar inci 1 a wata. Idan ta yanke gaba ɗaya, sai likitan tiyata ya ɗinke ta tukuna. Naman da ya daɗe bai samu saƙo ba yana shanyewa, kuma bayan wata 12 zuwa 18 da wuya ya dawo. Saboda haka kada ku zauna jira a gida, ku kawo mai raunin asibitin sansani da wuri.

Aikinmu yana cikin watannin jiran nan ne. Muna motsa gaɓoɓi kullum don kada su ƙage, muna ɗaura abin tallafi don hannu ko ƙafa su tsaya daidai, muna auna inda ji ya fara dawowa. Muna kuma koya wa uwa ta duba ƙafar ɗanta kowace yamma, domin wanda ba ya ji zai taka garwashi ko ƙaya bai sani ba.

Masu wannan ƙwarewa ba su da yawa, kuma ranar da za a koma gida masu raunin da rauninsu za su koma. Wa zai duba su idan ba 'ya'yanmu ba? Ƙannena, hanyar tana farawa daga sakandare: ku riƙe darussan kimiyya da lissafi. A Najeriya ana karanta fannin a Jami'ar Bayero ta Kano da Jami'ar Maiduguri, shekara 5 ko 6, sannan shekara 1 ta horo a asibiti. Daga nan mutum yake ƙwarewa a kan jijiya. Hukumar 'yan gudun hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya tana da tallafin karatun jami'a mai suna DAFI tun 1992. Ku tambayi ofishin ilimi sharuɗɗansa, ku kuma adana takardunku na makaranta.

Iyaye, ina roƙonku kada ku cire 'yan mata daga aji. Mata da yawa suna ɓoye ciwonsu don ba sa son namiji ya taɓa su, har lokacin magani ya wuce. 'Yarku za ta iya zama wadda za su yarda da ita.

Duk mai yaron da ke jan ƙafa ko hannunsa ya sake, ya same ni bayan taro.