HATTARA DA ƁARAYIN SALULA

Manoma da makiyaya, maza da mata, a saurara.

Ɓarawon da, rumbu yake fasawa da dare. Ɓarawon yanzu yana zaune can birni, ko ma wata ƙasa, salula ce makaminsa. Amma hannunsa ba ya kai ga kuɗinka sai in kai ka buɗe masa hanya.

Ga dabarar da suka fi yi. Saƙo ya shigo, wai an turo maka jikka 20. Kafin ka gama murna, sai wani ya kira yana magiya: wai kuskure ya yi, kuɗin maganin uwarsa ne, ka maido masa. To, ba a turo komi ba. Shi ya rubuta saƙon da hannunsa. Nan ne karatun da muke koyo yake da rana. Karanta saƙon da kanka. Na gaskiya da sunan kamfani yake zuwa, na ƙarya yawanci da lambar mutum. Sannan ka duba abin da ke cikin asusunka. In bai ƙaru ba, kada ka aika ko dala.

Wani kuma ya ce shi ma'aikacin kamfanin waya ne, wai ka ci kyauta, ka faɗa masa lambarka ta sirri. Ma'aikacin gaskiya ba ya tambayar wannan lamba. Ko mai shagon da kake cire kuɗi, kada ka faɗa masa, danna ta da yatsanka. Haka lambobi 6 da WhatsApp ke aikowa. Wanda ya same su ya karɓe WhatsApp ɗinka, ya shiga roƙon danginka kuɗi da sunanka.

Wadda ta fi ciwo ita ce ta ƴan ci-rani. A kira tsoho a ce an kama ɗansa a Libiya ko Aljeriya, ya turo jikka 100 kafin la'asar. Wani lokaci gaskiya ne, shi ya sa ƙaryar take ci. Kada ka yi gaggawar sayar da sa. Ce a ba ka yaron. Tambaye shi abin da ɗan gida kaɗai ya sani, kamar sunan kakarsa. Nemi abokan tafiyarsa ka ji.

Akwai masu cewa zuba jikka 10, ka kwashi 20 a wata ɗaya. A 2016 wani irin wannan mai suna MMM ya cinye kuɗin mutane da yawa a Najeriya.

In an cuce ka, kada kunya ta hana ka magana. Tun 2019 Nijar tana da dokar hukunta masu laifi ta intanet. Kada ka goge saƙon. Rubuta lambar da ranar a littafinka, ka sanar da kamfanin waya nan take, ka kai ƙara wurin jandarmomi ko komisariya.