JARIDA MAI MAGANA: DARASI GA ƘAUYUKAN WATARI

1.0 Gabatarwa

Hausawa kan ce kunne ya girmi kaka. Maƙasudin wannan lacca shi ne a duba yadda za a isar da abin da jarida ta ƙunsa ga mutumin da ba ya iya karanta ta, tare da ɗaukar ƙauyukan Watari, a Ƙaramar Hukumar Bagwai ta Jihar Kano, a matsayin misali.

2.0 Asalin Abin

A 1968 wani ma'aikacin laburare mai suna Ronald Sturt, daga Aberystwyth ta yankin Wales, ya ziyarci ƙasar Suwidin, ya tarar ana karanta wa makafi jaridar garinsu a na'urar ɗaukar magana. Da ya koma gida sai ya nemi goyon bayan mutanen gari, aka fitar da kaset na farko a 1970. Kafin 1974 ta ƙare, ƙungiyoyin sun yi yawan da har suka kafa uwar ƙungiya ta ƙasa. Tsarin ba shi da wuya: 'yan sa kai su taru mako-mako, wasu su zaɓi labarai, wasu su karanta, wasu su kwafa, gidan waya kuma ya kai kyauta.

3.0 Wa Ake Nufi a Watari?

Binciken makanta da aka gudanar a Nijeriya daga 2005 zuwa 2007 ya nuna cewa kimanin kashi 4 cikin 100 na masu shekara 40 zuwa sama makafi ne, kuma yanar ido ce kan gaba wajen jawo haka. Makarantu irin su ta Gindiri, wadda aka buɗe a 1953, da ta Tudun Maliki a Kano suna koyar da rubutun makafi, watau Braille. Amma dattijon da idonsa ya mutu yana da shekara sittin ba zai koma aji ya koyi karatu da yatsu ba. Ban da makafi, akwai rukuni na biyu: manoma da matan aure waɗanda suka iya ajami, suka san littattafan addini, amma boko bai zauna musu ba. Su ma takardar da aka buga da boko a rufe take gare su.

Abin da ke cikin takardun nan kuwa ba na wasa ba ne. Tun da aka gina madatsar ruwa ta Watari, noman rani ya zama ginshiƙin arzikin yankin: shinkafa, alkama, tumatir, albasa. Ranar sakin ruwa, rabon taki, farashin hatsi a Dawanau, zuwan likitocin ido, duk sanarwa ce ke tafe da su. Wanda labari bai isa gare shi ba sai bayan mako biyu, ya yi asarar da ba ta ramuwa a wannan shekara.

4.0 Rediyo Bai Isa Ba?

Haƙiƙa Bahaushe ya daɗe da sabawa da jin jarida. Tun da aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a Zariya a 1939, mutum ɗaya kan karanta a dandali, goma su saurara. Sashen Hausa na BBC, wanda ya fara a 1957, da Rediyon Kaduna da Rediyon Kano, sun ɗora a kan wannan al'ada. Sai dai rediyo yana da gazawa biyu. Na farko, ba ya jiran kowa. Wanda ya tafi gona, labari ya wuce shi. Na biyu, yana magana da miliyoyi ne, saboda haka ba shi da filin faɗar abin da ya shafi ƙauye guda. Jarida mai magana tana toshe waɗannan kafofi, domin ana iya maimaita ta, kuma labarinta na gida ne.

5.0 Sharuɗɗan Aikin

Kaset ya shuɗe, amma wayar hannu da katin memori sun maye gurbinsa, shagon cajin waya kuma zai iya zama gidan wayar ƙauye. Ta fuskar doka, Nijeriya ta amince da Yarjejeniyar Marrakesh a 2017, wadda ta sauƙaƙa mayar da rubutu zuwa sigar da makafi za su amfana. Abin da ya rage sharuɗɗa uku ne.

Na farko, ƙwarewar mai karatu. Rubutun Hausa na yau da kullum ba ya nuna karin sauti ko tsawon wasali. Alal misali, "fari" na iya zama launi ko rashin ruwan sama. "Gari" na iya zama mazauni ko abin tuwo. Mai ido yakan koma baya ya gyara fahimtarsa, mai sauraro kuwa abin da aka furta shi ya ji. Wajibi ne a bi rubutun a tsanake kafin a ɗauki murya.

Na biyu, amana. Mai karatu aron ido ya bayar, ba aron ra'ayi ba. Ranar da ya fara tace labari don jam'iyya ko wani mai kuɗi, ya ci amanar wanda ba shi da halin bincikawa.

Na uku, mutunci. Wannan ba sadaka ba ce irin wadda ake jefawa a ƙoƙo. Aikin gayya ne. Makafi suna da sarakunansu da ƙungiyoyinsu, kuma su ya kamata su faɗi abin da za a karanta musu.

6.0 Kammalawa

A taƙaice, ba kayan aiki ne suka yi ƙaranci ba. Malamai biyar da ɗalibai goma, sa'a biyu a mako, sun isa a soma a gunduma ɗaya. Rashin sani ya fi dare duhu, kuma wannan duhun yana da magani ko da ido bai warke ba. Allah Ya sa a dace. Wassalam.