Vijay Singh, Ɗan Fiji da Ya Farfaɗo a Legas



Mun san wasan golf, wanda wasu ke kira ƙwallon lambu, ba wasanmu ba ne, sai dai mu hango filinsa a Kaduna ko Jos mu wuce. Duk da haka mun zaɓi mu yi magana a kan wani gwaninsa, saboda abin da ya same shi yana saurayi. A wannan wasa ana bin ramuka 18 da sanda da 'yar ƙaramar ƙwallo, wanda ya gama da mafi ƙarancin bugu shi ne ya ci. Yawanci babu alƙalin da ke bin mutum a baya, ɗan wasa ne ke sa hannu a katinsa cewa lissafin daidai ne. Ashe ke nan duk wasan a kan amana aka gina shi.

An haifi Vijay Singh a Lautoka ta ƙasar Fiji a shekarar 1963, kakanninsa 'yan Indiya ne. Mahaifinsa makanikin jiragen sama ne, kuma shi ya fara koya masa riƙe sanda. A 1984 ya ci gasa a Malesiya. A 1985, yana ɗan shekara 22, aka zarge shi a wata gasa a Indonesiya da rage bugu a katinsa, aka dakatar da shi daga gasannin Asiya. Shi dai ya musanta, ya ce rashin fahimta ce. Mu da muka yi shekaru muna sa ido a ɗakin jarrabawa mun san nauyin irin wannan zargi: ko yaro ya yi ko bai yi ba, sunansa ya riga ya ɓaci.

Sai ya tafi tsibirin Borneo, ya zama mai koyarwa a wani ƙaramin kulob a garin Keningau, albashi kaɗan, nesa da idon duniya. A can ya ɗauki ɗabi'ar da aka san shi da ita daga baya, wato wuni a fili yana maimaita bugu ɗaya har rana ta faɗi. A ganinmu waɗannan shekaru na kaɗaici sun fi duk kofunansa cancantar a ba da labari.

Ƙofar da aka rufe masa a Asiya a nan Afirka ta buɗe. A 1988 ya zo Legas ya ci gasar Nigerian Open, ya sake cinta a 1989. Daga nan ya shiga gasannin Turai, a 1993 kuma ya koma Amurka. Ya ci gasar PGA a 1998 da ta Masters a 2000. A 2004, yana da shekara 41, ya ci gasa 9 a kaka ɗaya, ya tara fiye da dala miliyan 10, ya kuma karɓe matsayin na ɗaya a duniya daga hannun Tiger Woods, wanda ya riƙe shi makonni 264 a jere.

Amma tabon bai goge ba. Duk lokacin da ya ɗaga babban kofi sai 'yan jarida sun tono maganar 1985, shi kuwa ya zama mai ƙarancin magana da su, har wasu suna cewa girman kai gare shi. Mu ba mu ga laifinsa ba. Gasa 34 ya ci a Amurka, 22 daga ciki bayan ya haura shekara 40.