Akwatin da Ke Riƙe Wuta Bayan An Zare Shi Daga Soket

 

Mu da ke harkar tsofaffin kayan lantarki a nan Ikko, wani lokaci a cikin kayan kwantena mukan ci karo da akwatin ƙarfe mai nauyin gaske, da mita biyu a gabansa da manyan kwalabe a ciki. Wasu yaranmu kan ɗauka amfilifayar lasifika ce. To, ba ita ba ce. Wannan ta masu rediyon sha'awa ce, mutanen da ke karɓar lasisi su yi magana da takwarorinsu na wasu ƙasashe a gajeren zango. Aikinta ƙara wa na'urar aika saƙo ƙarfi, ko ka jona mata lasifika ba za ka ji komai ba.

Bari mu ɗauki guda ɗaya, Heathkit SB-220, wadda ta fito a Amurka a 1970. Kwalabenta biyu ne, ana kiran su 3-500Z, wutar da ke hawa kansu kuma takan kai wajen volt 3,000. Ku auna da 230 na soket ɗinmu. Wutar nan tana taruwa ne a cikin kondensa takwas da aka jera ɗaya bayan ɗaya, kowace da resisto a gefenta mai zuƙe wutar bayan an kashe. Idan resiston nan ya yanke saboda tsufa, kondensa za ta iya riƙe wutarta alhali filogi yana ƙasa. Wallahi jama'a, wannan ba irin jan da ake yarfe hannu a yi dariya ba ne, kisa yake yi.

Saboda haka mai gyara ya zare filogi, ya dakata, ya ga allurar mita ta kwanta. Duk da haka kada ya yarda da mita. Ya ɗaura waya a jikin akwatin, ya taɓa ɗaya bakin a kan layin babbar wutar da sanda mai mariƙin roba, hannu ɗaya a aljihu. Sannan ya fara aiki.

Wani abin kuma, kamfanin Heath a warwatse yake sayar da ita, mai saye ne ke haɗawa da dalma a gidansa. Kun ga ke nan kowace da hannun mai ita, wani gwani, wani ɗan koyo, ga canje-canjen da aka yi ta yi mata shekara sama da 50. Dole a nemo zanen wayoyinta a bi waya ɗaya-ɗaya, kuma kafin a cire komai a ɗauki hoto. A duba kuma ko an ɗaura ta a kan 120 ne ko 240, don tana karɓar duka biyun, ya danganta da yadda aka haɗa wayoyin taransifoma. In tana kan 120 ka soka ta a namu, sai hayaƙi.

Masu fasawa don jan ƙarfen taransifoma, ku yi haƙuri ku tambaya tukuna. Kamfanin ya daina yin irin waɗannan kaya tun 1992, masu sha'awar kuwa har yanzu suna neman taransifomar da kwalaben. Duk wanda irinta ta faɗo hannunsa, ya ajiye ta a rufe, ya hana yara buɗewa, ya sanar da sakatare mu zo mu duba tare.